Araha Ba Ita Ce Shaidar Amanar Bakanike Ba

Akwai wata magana da na sha ji a majalisarmu ta yamma a Ɗantutture, na kuma ji ta a tashar Dutsin-Ma ranar Laraba, lokacin da direbobi ke zaman jiran lodin 'yan kasuwa. Idan baƙo ya tambayi inda zai samu bakanike nagari, sai wani ya ce, "Kai wa wane, mutumin kirki ne, ba ya cin kuɗi." Idan aka ambaci wani daban, sai a taɓe baki, a ce, "Wancan ai wuƙa gare shi, ka kai masa ƙarar birki ya lissafo maka rabin mota." Ma'aunin ke nan a wurin jama'a: wanda ya karɓi kaɗan mai tsoron Allah ne, wanda ya faɗi kuɗi mai nauyi macuci ne.

Masu wannan magana ba yara ba ne. Cikinsu akwai waɗanda suka riƙe sitiyarin Peugeot 504 tun ina tallan gyaɗa, kuma ba a banza suka yanke hukuncin ba. An cuce su, wasunsu ba sau ɗaya ba. Akwai wanda aka karɓi kuɗin sabon kaya a hannunsa aka wanke masa tsohon da fetur aka mayar. Akwai wanda ya kai mota da ciwo ɗaya ya ɗauko ta da uku. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, don haka ban ga laifinsu ba. Sai dai, da neman afuwar iyayena da yayyena, ina ganin ma'aunin nasu ya karkace, kuma a kan birki karkacewar tana iya cin rai.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. Kawuna yana da Golf irin mai dogon baya, yana jigilar hatsi da fasinja tsakanin ƙauyukanmu da Dutsin-Ma, wani lokaci ya bi ta Kurfi ya shiga Katsina. Wata shekara bayan girbi birkinta ya fara laushi, sai ya taka sau biyu sau uku kafin ya kama. Muka kai ta wani gareji tare. Bakaniken, saurayi ne da bai wuce sa'ar ɗan kawun ba, ya ɗaga motar ya cire tayoyi huɗu, ya kira mu muka duƙa. Ya nuna mana tiyon birkin gaba na hagu ya tsage yana tsiyayar da mai, ya nuna fad ɗin gaba sun cinye har ƙarfe ya fara zane farantin da kanikawa ke kira dis. Ya ce, "Baba, tiyo sai an canza, fad sai an sa sababbi gefe biyu, man ma a zubar a sa sabo. Farantin zai ɗan ƙara tafiya, a bar shi." Da ya faɗi kuɗin, kawu ya miƙe ya kaɗe riga ya ce, "Haba ɗan nan, gyara na zo yi ko sayen mota?"

Muka wuce wurin wani da aka yabe shi da sauƙi. Cikin abin da bai kai awa ɗaya ba ya gama, ya karɓi abin da bai fi sulusin kuɗin farko ba. Kawu ya taka birki ya ji ya yi tauri, ya yi ta sa masa albarka. Bayan kamar mako biyu, yana dawowa da lodi, tumaki suka keto titi. Da ya danna birki, motar ta fizge sitiyari ta yi dama ta faɗa gonar mutane. Allah Ya tsare, ba wanda ya ji ciwo, amma ƙafar motar ta lanƙwashe, buhunan masara biyu suka fashe. Da aka bincika sai aka tarar mai sauƙin bai canza tiyon ba. Fayif ɗin da ke kai mai ga wannan tayar ya murɗe ya danne, don man ya daina zuba. Mai ya daina zuba kuwa, feda ta yi tauri, amma tayar gaba ta hagu ba ta da birki ko kaɗan. Mako biyu kawu yana ɗaukar 'ya'yan mutane da birkin ƙafa uku bai sani ba.

Ban kawo wannan don in ce kowane mai araha haka yake ba. Na kawo shi ne don a tambayi abin da majalisa ba ta cika tambaya ba: ta ina arahar ta fito? Bakanike ba shi ke ƙera kayan mota ba. Saye yake yi, a Katsina ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, su kuma 'yan kasuwar daga Legas ko Nnewi ko ƙasashen waje suke samowa. Idan mutum biyu suka duba mota ɗaya, ɗaya ya ce goma ɗaya ya ce uku, to ko dai na farkon ya ƙara abin da ba a bukata, ko na biyun ya rage abin da ake bukata. Dukkansu suna yiwuwa. Farashin shi kaɗai ba zai gaya maka wanne ne ya faru ba, kuma a nan ne maganar majalisa ta yi rauni, domin ta riga ta yanke cewa kullum na farkon ne mai laifi.

Hanyoyin rage kuɗin birki sanannu ne a gareji. Akwai ɗaukar tsohon ƙarfen fad a manna masa wani abin gogan, ya fito kamar sabo. In mannin bai yi ƙarko ba, ranar da birki ya ɗau zafi sai ya ɓamɓare, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Akwai canza fad na gefe ɗaya a bar ɗayan, alhali ƙa'idar aikin ita ce a canza hagu da dama tare, don su riƙa kamawa daidai. Akwai fad na jabu mai kwali mai ƙyalli, wanda bai kai damina ya cinye. Akwai zare ƙwan fitilar ABS da ke kan allon direba, a ce an gyara, alhali rufe bakin mai kawo rahoto kawai aka yi.

Sai maganar man birki, wadda na fi son a tsaya a kanta, don ita ce aka fi rainawa. Birkin ƙananan motoci da mai yake aiki: ka taka feda, masta ta tura man cikin fayif, man ya tura fad ya matse faranti. Wannan matsewar zafi take haifarwa, zafi mai yawa, kuma zafin yana kaiwa ga man. Shi ya sa aka yi man birki ya jure. Wanda aka rubuta wa DOT 3 a jikin robarsa, in sabo ne, ba ya tafasa sai ya kai aƙalla maki 205 a ma'aunin Selsiyos, DOT 4 kuma 230. Amma man birki yana da hali ɗaya: yana shan danshin iska a hankali. In ya daɗe ya sha ruwa, DOT 3 na iya tafasa a wajen maki 140. Da ya tafasa sai tururi ya shiga layin, tururi kuwa matsewa yake yi, ba ya tura komai, sai ka ji feda ta nutse har ƙasa. Wannan ne dalilin da ya sa kamfanonin motoci da yawa ke cewa a canza man kamar duk shekara biyu, ko da bai ragu ba. To, ina ga wanda ya zuba ruwan omo a madadinsa, abin da wasu direbobinmu ke yi suna kiransa dabara? Ruwa a maki 100 yake tafasa, ga tsatsa da yake sa wa fayif da masta. Wanda ya zuba baƙin mai ko man giya shi ma bai tsira ba, don suna kumbura robobin ciki su lalata su. Saboda haka bakaniken da ya ce maka a zubar da tsohon mai a sa sabo a cire iska, ba lalle ne neman ƙarin kuɗi yake yi ba. Mai yiwuwa shi ne kaɗai ya faɗa maka gaskiya a ranar.

A haɗa wannan da irin aikin da motocinmu ke yi. Golf ɗin da aka ƙera a Jamus don mutum biyar, a nan tana ɗaukar mutum tara da buhuna da akuya a but. Kowane ƙauye a hanyar Kurfi ya yi tudun rage gudu, ga rami, ga yashi, ga ƙurar hunturu da ke shiga duram ɗin baya, ga ruwan damina da ake kutsawa. Nauyi yana ƙara zafin birki. Gudu ya fi shi: in ka ninka gudunka, nisan da za ka ci bayan ka taka birki kafin ka tsaya ninki huɗu yake zama, ba biyu ba. Kuma a shekarun nan kowa a yankin Kurfi da Safana da Dutsin-Ma ya san dalilin da ya sa direba ba ya son magariba ta same shi a daji, sai ya ƙara wuta. Birkin da ke wannan bauta ba zai yi kwanan da littafin kamfani ya ce ba. Idan bakanike ya ce maka fad ɗin da ka sa watannin baya ya ƙare, kada ka fara da zargi, ka ce ya nuna maka.

Akwai kuma wani abu da ya jawo wa kanikawa baƙin jini ba da laifinsu ba. Kafin watan Yuni na 2023, dalar Amurka a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba. Cikin farkon 2024 ta haura naira 1,500. Kusan duk kayan birki daga waje suke zuwa, ga kuɗin sufuri da ya tashi bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Mai mota yana riƙe da farashin da ya sani shekarun baya a ƙwaƙwalwarsa, sai bakanike ya faɗi na yau, sai a ce ya zama ɓarawo. Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa.

Yanzu in koma gefen masu ƙorafi, don ba zan ɓoye gaskiyarsu ba. Tsawwala kuɗi a aikin birki abu ne da ke faruwa, kuma birki ya fi kowane sashe na mota sauƙin yin haka a kansa, saboda tsoro. In aka ce maka "birkinka ba shi da kyau, kada ka ɗauki iyali a ciki," wa zai yi musu? Ƙarar birki sau da yawa ƙura ce ko tsakuwa, a hure a goge ta tafi, amma sai a ce fad da faranti duka. Fitilar ABS takan kama don wayar na'urar da ke jikin taya ta tsinke ko ta yi datti, amma sai a ce famfon ABS ɗin gaba ɗaya ya mutu. Kalifa, wato abin da ke matse fad a jikin faranti, takan maƙale don ƙusoshinta sun bushe, abin da giris da robar ƙura za su magance, amma sai a ce a sayo wata.

Ba a nan kaɗai ake yi ba. A 1992 hukumar kare masu saye ta jihar Kalifoniya a Amurka ta bayyana cewa ta tura jami'anta a ɓoye da motoci zuwa garejojin kamfanin Sears, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin ƙasar a lokacin. A mafi yawan zuwan, an ce musu a canza kayan da lafiyarsu ƙalau. Dalilin shi ne kamfanin yana biyan ma'aikatansa kamasho gwargwadon kayan da suka sayar, tsarin da dole ya janye bayan abin ya tonu. Abin lura ga majalisarmu shi ne abin da ke jawo mutane zuwa garejojin tun farko: tallan gyaran birki a farashi mai rahusa. Arahar ce koto. Sai mota ta hau jak an cire tayoyi, sannan lissafi ya fara tsawo. Ashe araha da tsada suna iya fitowa daga hannun macuci ɗaya.

To idan ba farashi ba, da me za a auna? Sa'ar da muka yi ita ce birki ba kamar cikin inji ba ne. Ana cire taya, komai a fili yake, ko wanda bai taɓa riƙe sifana ba zai gani. Sabon fad kaurin abin gogansa yakan kai wajen milimita 10 zuwa 12. In ya sauko kusan milimita 3, lokacin canji ya yi. In da sauran rabi, babu gaggawa. Faranti kuma kamfani yakan buga a jikinsa mafi ƙarancin kaurin da ya kamata ya kai kafin a jefar da shi, ana iya gogewa a karanta, a auna. Zane mara zurfi ba ya kashe faranti. Tiyo in ya tsage ko ya kumbura ido zai gani, in mai na zuba wurin zai jiƙe. Man birki sabo garau yake kamar man gyaɗa tatacce, in ya koma baƙi ya tsufa. Bakanike mai amana shi zai fara ce maka "zo ka gani" kafin ka tambaya. Zai ce maka wannan dole ne yau, wannan zai kai bayan salla. Ku tuna saurayin farko: shi da bakinsa ya ce a bar farantin. Wanda ke neman cin kuɗin kawu ba zai cire abu mafi tsada daga lissafi ba. Wannan alamar tana gabanmu a ranar, ni da kawu duka ba mu karanta ta ba, don kunnenmu yana kan jimla.

Wanda kuwa ya faɗi kuɗi bai cire taya ba, ko ya ce ka je ka dawo da la'asar alhali aikin na awa ɗaya ne kuma ka ce za ka jira, ko ya ɓata rai da ka nemi a ba ka tsofaffin kayan da kwalin sababbin, to ko nawa ya faɗa, kaɗan ko da yawa, ka yi hattara da shi. A Kalifoniyar da na ambata doka ce ta tilasta wa gareji ya ba ka ƙiyasin kuɗi a rubuce kafin ya taɓa motarka, ya kuma mayar maka da kayan da ya cire in ka nema tun farko. Mu ba mu da mai tilastawa a Ɗantutture, amma ba wanda ya hana mu nema da bakinmu.

Akwai laifin da yake namu ne mu masu motoci, kuma shi ne tushen rabin matsalar. Mun raina kuɗin hannu. Mutum ya yi shekara biyar ko bakwai yana yaron gareji, yana kwanciya ƙarƙashin mota cikin rana, ya koyi abin da zai tsare rayukanmu, amma in ya ce kuɗin aikinsa kaza ne sai mu ce, "Don ɗaure ƙusa huɗu?" Mu taya shi kamar muna sayen tumatir da yamma. Shi kuma yana da iyali da yara masu koyo da ke jiran na abinci. Da ya ga ba za a biya shi a fili ba, sai ya ɓoye ladansa cikin kuɗin kaya: ya ce fad kaza ne alhali ya fi haka sauƙi, ko ya karɓi la'ada wurin mai shago, ko ya sayo na ƙasa ya ce na sama ne. Ban halatta masa ba, algus algus ne. Amma mu ne muka koya masa cewa faɗin gaskiyar kuɗin aikinsa asara ne. Wanda ke son a daina cutarsa a kaya, ya ce a raba masa lissafi gida biyu, kaya daban, hannu daban, sannan ya biya na hannun ba tare da dogon ciniki ba. Na gwada, kuma na ga yadda fuskar bakanike ke sakewa da jin haka.

Wasu sukan ce maganin duka shi ne ka sayo kayanka da kanka. Yana taimakawa in ka san kaya. In ba ka sani ba, ka gudu daga hannun bakanike ne ka faɗa hannun mai shago, kuma ranar da fad ɗin ya ɓamɓare ba ka da wanda za ka riƙe, bakanike zai ce ai kai ka kawo. Ya fi a je shagon tare, ya zaɓa ka biya, ya ɗauki nauyin zaɓinsa. Malamanmu na fiƙihun Malikiyya sun daɗe da wannan fahimtar: a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, mai sana'a yana lamunce kayan da aka bar masa a hannunsa. Sana'a amana ce mai lamuni, kuma wanda ka ɗora wa lamuni sai ka ba shi haƙƙinsa cikakke.

In kana neman bakanike, tambayar "wa ya fi sauƙi?" ba za ta kai ka ko'ina ba. Ka je tasha ka sami direban da motarsa ke kan hanyar Katsina kullum, ka tambaye shi wanda ya yi masa birki na ƙarshe, da watanni nawa aikin ya yi bai koma ba. Ka fara gwada mutum da ƙaramin aiki kafin babba. In lissafin ya yi maka nauyi, ka ji ta bakin na biyu, amma ka sa shi ma ya cire taya ya nuna maka, kada ka gaya masa abin da na farko ya ce. In kuma an cuce ka, kanikawa suna da ƙungiyarsu da shugabanninsu, kuma ba sa son wanda zai ɓata musu suna. Kai ƙara can ya fi zagin dukkan masu sana'ar a majalisa.

Kawu dai, bayan an jawo Golf daga gona, wurin saurayin farko ya mayar da ita. An canza tiyo da fayif ɗin da aka murɗe, an sa fad gefe biyu, an yi ƙafa, kuɗin ya ninka abin da ya guda tun farko. Yaron bai ce masa komai ba sai "Allah Ya kiyaye gaba, Baba," ya ƙulla tsofaffin kayan a leda ya sa masa a but. Har yau can yake kai motarsa, har yau kuma in an zauna majalisa yana cewa yaron yana da tsada.